ABINCIN ƘANANAN ƘWARIN TEKU DA YADDA SUKE KIWO: DARASI GA MALAMAN GONA DA MASU KIWON KIFI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ƙyanƙyasar tarwaɗa ya san cewa mako biyu na farko su ne masu wuya. Jarirai sukan fito dubu-dubu, amma da zarar ƙwaiduwar da suka zo da ita ta ƙare, a wajen kwana na uku, sai mutuwa ta shigo. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan ruwa ko cuta, alhali kuwa yunwa ce, ko kuma abinci mai cika ciki wanda ba ya gina jiki. A kogi da teku babu mai watsa wa jaririn kifi abinci. Abin da ke rayar da shi shi ne waɗansu ƙananan halittu da ke shawagi cikin ruwa, waɗanda mafi yawansu dangin jatan lande ne da ƙaguwa.

Wannan darasi zai yi maka bayanin abincin waɗannan ƙwari, da hanyoyin da suke bi wajen samunsa, da lokutan da suke kiwo. An ɗauko misalai daga teku domin a can ne aka fi zurfafa bincike a kansu. Daga nan kuma za a nuna maka yadda wannan sani zai amfane ka a gidan ƙyanƙyasa da kududdufin raino. Jigon darasin guda ɗaya ne, kuma yana da kyau ka riƙe shi tun daga farko: abin da ƙwaron ya ci, shi ne ke isa cikin kifi.

1. Waɗanne ne waɗannan ƙwari?

Masana suna kiran dukan halittun da ruwa ke ɗauka yana yawo da su da suna filankton. Sun kasu gida biyu. Kashi na farko tsirrai ne, wato gansakuka mai shawagi wadda ido ba ya ganin ƙwayarta ɗaya, sai dai idan ta yi yawa ta mai da ruwa kore. Kashi na biyu dabbobi ne masu cin wannan gansakuka, ko kuma masu cin junansu.

A cikin kashi na biyu babu wanda ya kai kofifod yawa. Sunan ya samo asali ne daga harshen Girka, ma'anarsa kuwa mai ƙafa kamar filafilin tuƙa jirgi. An gano jinsinsa fiye da 10,000, mafi yawa a teku, saura a koguna da tafkuna da rijiyoyi. Tsawon yawancinsu milimita 1 zuwa 2 ne, wato kimanin ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Jikinsa yana da ɓawo mai tauri kamar na jatan lande, da ido ɗaya a tsakiyar kai, da dogayen ƙahoni biyu masu laushi waɗanda yake jin motsin ruwa da su.

Saboda ɓawon ba ya miƙewa, kofifod ba ya girma sai ya yi saɓa kamar maciji. Bayan ya fito daga ƙwai yakan bi matakai 6 yana ɗan mitsitsin tsutsa da ake kira nofiliyas, sa'an nan matakai 5 yana matashi, kafin ya balaga. Kowane mataki da girman abincin da bakinsa ke iya ɗauka. Wannan yana da muhimmanci, domin tsutsarsa ce abincin farko na jariran kifin teku da dama.

Akwai manyan rukunoni uku da ya kamata malamin gona ya iya bambantawa:

a. Kalanoyid: ƙahoninsa kusan tsawon jikinsa ne, yana rataye a tsakiyar ruwa. Macen takan ɗauki jakar ƙwai ɗaya, ko ta watsa ƙwan cikin ruwa.

b. Saikulofoyid: ƙahoninsa gajeru ne, tafiyarsa tsalle-tsalle. Macen tana ɗauke da jakar ƙwai biyu, ɗaya a kowane gefe.

c. Hafaktikoyid: ƙahoninsa sun fi na kowa gajarta, kuma ya fi zama a ƙasan ruwa da jikin duwatsu da ganyaye.

2. Abin da suke ci

Tushen abincin teku shi ne gansakuka mai shawagi. Ita ce ke amfani da hasken rana da sinadaran naitirojin da fosfaras wajen haɗa abinci, kamar yadda masara ke yi a gona, kuma kimanin rabin abincin da tsirran duniya ke haɗawa daga gare ta yake. Girman ƙwayoyinta da maikuron ake auna shi, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Yawancin abin da kofifod ke ci yana tsakanin maikuron 5 zuwa 50.

Ga manyan nau'o'in abincinsa:

a. Dayatom: gansakuka ce mai ɓawo na sinadarin silika, wato abin da ake yin gilashi da shi. Takan yi yawa a inda ruwa ke da taki. Don fasa wannan ɓawo, kofifod masu cin ta suna da haƙora a muƙamuƙi waɗanda su ma silika ce ta lulluɓe kansu.

b. Gansakuka masu bulala: suna da ɗan zare ɗaya ko biyu da suke iyo da shi. Da yawansu masu laushi ne, masu sauƙin narkewa, kuma masu wadatar mai.

c. Ƙananan dabbobi masu ƙwayar halitta ɗaya: waɗannan suna cin bakteriya da gansakukar da ta yi wa kofifod ƙanƙanta. Shi kuma sai ya cinye su. A tsakiyar teku, inda ruwa ba shi da taki, waɗannan sukan zama babban kaso na abincinsa.

d. Nama: waɗansu jinsuna, kamar Euchaeta, mafarauta ne masu cin sauran kofifod, har da jariran kifi da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba.

e. Ruɓaɓɓun abubuwa: guntattakin matattun halittu da kashi da majina sukan dunƙule su riƙa nutsewa a hankali. Jinsin Oncaea yakan maƙale a jikin waɗannan dunƙule-dunƙule yana kiwo.

A da an ɗauka cewa kofifod gansakuka kaɗai yake ci, kamar yadda saniya ke cin ciyawa. Yanzu an tabbatar cewa mafi yawansu suna haɗa tsiro da nama, kuma suna sauya abinci gwargwadon abin da ya samu. Har ma an ga cewa haɗin ya fi musu amfani. A shekarar 1999 masu bincike a Italiya suka nuna cewa idan kofifod ya dogara ga waɗansu nau'o'in dayatom kaɗai, macen takan yi ƙwai da yawa amma kaɗan ne ke ƙyanƙyashewa, saboda wani sinadari da dayatom ɗin ke fitarwa idan an fasa shi. Ke nan ko a wajen ƙwaro, abinci iri ɗaya kullum ba alheri ba ne.

3. Yadda suke kama abinci

Kafin ka fahimci dabarun kiwonsu, sai ka san yadda ruwa yake a wurin halitta mai wannan ƙanƙanta. Gare mu ruwa abu ne mai tsinkewa, amma ga ƙafar kofifod yana da danƙo kamar zuma. Idan ka taɓa ƙoƙarin tsamo ɗan haki daga cikin zuma da cokali, ka ga yadda hakin ke gudu tare da zumar. Haka ƙwayar abinci ke guje wa kofifod idan ya miƙa ƙafa kai tsaye. Ban da haka, abinci a teku warwatse yake ƙwarai, har an ƙiyasta cewa sai kofifod ya bincike ruwan da ya ninka girman jikinsa kusan sau miliyan ɗaya a kowace rana kafin ya ƙoshi.

Hanyoyi huɗu ne aka fi sani:

Ta farko, jan ruwa. Kofifod yakan tsaya wuri ɗaya yana kaɗa ƙananan ƙafafun da ke gefen bakinsa da sauri, sai ruwa ya riƙa gudana ta gabansa. An daɗe ana zaton ƙafafun suna tace ruwan ne kamar rariya. A shekarar 1981 masana biyu, Mimi Koehl da Rudi Strickler, suka ɗauki hoton kofifod da kyamara mai saurin gaske, suka gano ba haka abin yake ba. Ƙwaron yana jin zuwan ƙwayar gansakuka, sai ya buɗe ƙafafu biyu ya janyo ɗan ruwan da take ciki, ya matse ruwan ya fita, ya kai ƙwayar baki. Idan ba ta yi masa ba, sai ya ture ta. Wato zaɓa yake yi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince shinkafa a faifai. Jinsunan Calanus da Temora da Paracalanus haka suke kiwo.

Ta biyu, kwanton ɓauna. Ƙwaron yakan baje ƙahoninsa ya yi shiru yana nutsewa a hankali. Da zarar wata halitta mai iyo ta gifta, gashin ƙahonin ya ji motsin, sai ya daka tsalle ya cafke ta. Jinsin Oithona, wanda yana cikin mafi yawa a tekunan duniya, da wannan hanya yake rayuwa. Mai kwanton ɓauna ba ya samun abinci da yawa kamar mai jan ruwa, amma kuma ba ya ɓata ƙarfi, ba ya kuma tona asirin kansa ga kifi. Lura cewa irin wannan ƙwaro ba ya ganin abincin da ba ya motsi.

Ta uku, yawon farauta. Waɗansu suna iyo ba tsayawa, suna kama abin da suka ci karo da shi.

Ta huɗu, kankara. Hafaktikoyid, irin su Tisbe, suna kankarar gansakuka da bakteriya da ruɓaɓɓen abu daga jikin dutse da laka.

Akwai kuma masu haɗa hanya biyu. Acartia tonsa, wanda ke zama a gaɓar teku da bakin koguna, yakan ja ruwa idan dayatom ta yi yawa, ya koma kwanton ɓauna idan halittu masu iyo suka fi yawa.

4. Lokacin kiwo

Gansakuka tana buƙatar haske, saboda haka a saman teku take. Amma a saman ne kuma kifi ke gani sosai. Don haka kofifod da yawa sukan sauka ƙasa inda ke da duhu da rana, su hau sama bayan faɗuwar rana su yi kiwo, su koma kafin gari ya waye. Manyan jinsuna sukan yi tafiyar ɗaruruwan mitoci a kowace rana. Wannan zirga-zirga tana da wani amfani ga duniya baki ɗaya: kashin kofifod yakan fito a dunƙule cikin siririyar fata, ya nutse da sauri, ya kai sinadarin kabon can ƙarƙashin teku.

Haka kuma suna da kaka da bazara. A arewacin tekun Atlantika, Calanus finmarchicus yakan ci ya ƙoshi a lokacin da dayatom ta yi yawa, ya tara mai a wata jaka cikin jikinsa, sa'an nan ya sauka zurfin da ya wuce mita 500 ya kwanta watanni ba ci, har abinci ya dawo. Wannan jaka ita ce rumbunsa. Kifin shawa da taitus na wannan teku, waɗanda ake kawowa kasuwanninmu cikin ƙanƙara, suna cin wannan ƙwaro sosai, kuma wani kaso na maiƙon da ake ji a namansu daga gare shi ya fito.

A Afirka ta Yamma ma akwai irin wannan. Daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwan ƙarƙashi mai sanyi da taki yakan taso sama a gaɓar Gana da Kwaddibuwa. Dayatom sai ta yi yawa, wani babban kofifod na jinsin Calanoides ya bayyana ya hayayyafa, kifin sadin kuma ya biyo shi. Wannan shi ne babban lokacin kamun masuntan Gana. Idan ruwan ya sake ɗumi, ƙwaron sai ya koma zurfi da mansa ya jira wata shekara.

Gaɓar Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853 daga Badagiri zuwa Kuros Riba, ba ta samun irin wannan tasowar ruwa mai ƙarfi. Takinta ya fi zuwa ne daga koguna, musamman Neja da Binuwai, da dazuzzukan gaɓa na yankin Neja Delta. Shi ya sa bakin koguna da tafkunan da ruwan gishiri ke haɗuwa da na daɗi suke zama wurin rainon kifi da jatan lande. Kifin bonga, wanda ake ƙyafewa a kai shi har Arewa, a irin wannan ruwa yake tace gansakuka da ƙananan ƙwari.

5. Abin da ƙwaro ya ci, shi kifi ya ci

A kowane mataki na cin juna, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kaɗai na abincin ke zama jiki. A bisa wannan ƙiyasi, kilo 1 na kifi mai cin kofifod yana buƙatar wajen kilo 10 na ƙwaron, shi kuma wajen kilo 100 na gansakuka. Amma ba yawa kaɗai ke wucewa ba, har da inganci da illa.

Ta fuskar inganci, jaririn kifi yana buƙatar waɗansu nau'o'in mai guda biyu, DHA da EPA, domin ginin ƙwaƙwalwa da ido. Gansakukar teku ce ke haɗa su: dayatom ta fi wadatar EPA, waɗansu masu bulala kuma sun fi wadatar DHA. Kofifod yana tara su daga abincinsa ya miƙa wa kifi. Wannan ne ya sa masu ƙyanƙyasar kifin teku a ƙasashe da dama suke kiwon kofifod irin su Acartia da Parvocalanus, suna ciyar da su da zaɓaɓɓun gansakuka kamar Isochrysis da Rhodomonas. Tsutsar waɗannan ƙwari ba ta kai maikuron 100 ba a matakin farko, saboda haka tana shiga bakin jaririn da sauran abinci ya yi wa girma.

Ta fuskar illa kuwa, akwai gansakuka masu dafi. Kofifod yakan guje musu idan yana da zaɓi, amma idan su ne suka cika ruwan sai ya ci, dafin ya taru a jikinsa ya wuce ga kifi. Haka nan yana haɗiye ɗigon ɗanyen mai da ya malala a ruwa, da ɓarɓashin roba. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a shekarar 2015, kofifod da aka haɗa wa abinci da ɓarɓashin roba ya rage cin gansakuka, ƙwansa ya ƙanƙance, ƙyanƙyasa kuma ta ragu. Ledar da aka jefa a magudanar ruwa tana iya ƙarewa a nan.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kurkunu. Saikulos, wato ɗan'uwan waɗannan ƙwari da ke zama a kududdufai, shi ne ke haɗiye tsutsar kurkunu a matsayin abinci. Tsutsar ba ta mutuwa, sai ta zauna cikin jikinsa, wanda ya sha ruwan kuma ya kamu. Da aka gane haka, tace ruwan sha da ƙyalle ya zama babban makamin yaƙi da cutar. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a shekarar 2008, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar daga ƙasar a shekarar 2013.

6. Darussa ga mai ƙyanƙyasar kifi

Mafi yawan manomanmu tarwaɗa da karfasa suke kiwo a ruwan daɗi, ba kifin teku ba. Duk da haka ƙa'idar ɗaya ce, domin abincin farko na jaririn tarwaɗa shi ma daga wannan dangi yake. A kwanakin farko cikin jariri bai gama ginuwa ba, kuma abin da ke motsi ya fi jan hankalinsa. Ga abubuwan kiyayewa.

A. Game da atimiya

Atimiya ita ce ƙwan da ake sayarwa cikin gwangwani. Ba a teku take zama ba, sai a tafkunan gishiri, kamar babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Bambancinta da kofifod shi ne ba ta zaɓen abinci: duk abin da bai wuce maikuron 50 ba, tacewa take ta haɗiye.

i. A ƙyanƙyashe ta cikin ruwa mai gishiri giram 25 zuwa 35 a kowace lita, da zafin digiri 28 ko kusa da haka, da haske da iska mai ƙarfi. Kada ƙwai ya wuce giram 2 a lita. Takan fito cikin awa 24.

ii. A ba jarirai ita da zarar ta fito. A matakin farko ba ta cin komai, ƙwaiduwarta take ƙonawa. Idan ta kwana ba abinci takan rasa kimanin rubu'in ƙarfin da ke jikinta, ta kuma ƙara saurin iyo.

iii. Idan dole ne a ajiye ta, a sa ta cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba, tare da iska kaɗan.

iv. A raba ta da ɓawon ƙwai, a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta kafin a bayar.

v. A ba da kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. A ruwan daɗi takan mutu cikin 'yan awoyi, gawarta kuma ta ɓata ruwa.

vi. Tun da ba ta zaɓe, kada a bar ta cikin ruwa mai datti, domin bakteriyar da ta haɗiye cikin jariri za ta ƙare.

B. Game da moyina

Moyina ƙaramin ƙwaro ne mai jiki zagaye, mai ɗan ja, wanda ke rayuwa a ruwan daɗi. Tana cin gansakuka da bakteriya da yis. Manomi na iya kiwonta a kwami ko babbar roba, ta rage masa kuɗin atimiya.

i. Abincinta ake fara nomawa kafin a kawo ta. A cika kwami da ruwa a inda rana ke samu, a ɗaure busasshen kashin kaji cikin buhu a rataya a ciki har ruwan ya yi kore.

ii. A gwada da hannu: a tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan ana ganin tafin tar, abinci bai isa ba. Idan ya ɓace tun kafin a kai rabin damtse na ƙasa, taki ya yi yawa, a cire buhun a ƙara ruwa. Mai faifan awo ya nemi santimita 25 zuwa 40.

iii. Idan ruwan ya washe bayan moyina ta yi yawa, alama ce ta cinye abincinta. A kwashe wani kaso, a ƙara koren ruwa.

iv. Moyinar da aka ciyar da koriyar gansakuka ta fi wadda aka ciyar da yis kaɗai gina jiki. Yis ƙari ne, kuma idan ya yi yawa yakan cinye iskar shaƙa.

v. A guji ruwan da gansakuka ta yi kumfa a samansa kamar an zuba koren fenti mai shuɗi-shuɗi, yana kuma wari. Wannan nau'i ba abinci mai kyau ba ne, waɗansunsa ma suna da dafi.

vi. Ya fi kyau a tanadi kwami biyu ko uku da aka fara a ranaku dabam-dabam, domin idan ɗaya ya lalace jarirai kada su kwana da yunwa.

C. Game da kududdufin raino

i. Bayan an cika kududdufi an sa taki, ƙananan halittu da ake kira rotifa ne ke fara yawa, daga baya moyina da kofifod su biyo. A daidaita ranar cika ruwa da ranar ƙyanƙyasa, ta yadda jarirai za su shiga cikin makon farko.

ii. Ba kowane kofifod ne abinci ba. Balagaggen saikulos mafarauci ne: yana cin rotifa da 'ya'yan moyina, yana kuma kai wa jaririn kifi na kwanakin farko hari. Idan kifi ya yi wayo kuwa, sai shi ya koma abinci. Ka ga ke nan lokaci ne ke raba abinci da maƙiyi.

iii. A ɗebo ruwa a kwalba mai haske a ɗaga ta wajen rana. Idan ka ga ƙwari masu tsalle-tsalle ɗauke da jakar ƙwai biyu sun yi yawa, kada ka zuba sababbin jarirai. Idan a kwamin moyina ne, a zubar a wanke a sake farawa.

iv. A tace ruwan da ke shiga da raga mai ƙananan idanu.

v. Kada a zuba maganin ƙwarin gona don kashe saikulos. Yana kashe moyina tare da shi, yana kuma cutar da kifi da masu cinsa.

vi. Tun da ƙwarin sukan sauka ƙasa da rana, a duba yawansu da sassafe ko da yamma. Wanda ya duba da tsakar rana zai yi zaton babu su, ya ƙara taki ba bisa buƙata ba.

7. Aikin malamin gona

Manomi ya fi yarda da abin da idonsa ya gani. Idan za ka koyar da wannan darasi, ka tanadi kwalabe biyu masu haske cike da koren ruwa iri ɗaya. Ka zuba moyina mai yawa a ɗaya, ka bar ɗayar haka nan. Bayan kwana ɗaya ko biyu mai moyina za ta washe, ɗayar kuma ta ci gaba da zama kore. Daga nan ka tambayi mahalarta inda koren ya tafi. Idan akwai madubin ƙara girma, ka nuna musu hanjin ƙwaron cike da kore. Wanda ya ga haka ba zai sake ɗaukar koren ruwa a matsayin datti ba, ba zai kuma ba jarirai ƙwaron da ya kwana da yunwa ba.

Tambayoyin bita

1. Kawo hanyoyi huɗu da kofifod ke kama abinci.
2. Me ya sa kofifod ke hawa saman ruwa da dare?
3. Mene ne bambancin kofifod da atimiya wajen cin abinci?
4. Me ya sa ake son a ba jarirai atimiya da zarar ta ƙyanƙyashe?
5. Yaya za ka gane saikulos a cikin kwalba, kuma wane mataki za ka ɗauka?

Kammalawa

Kofifod da 'yan'uwansa su ne gadar da ke tsakanin gansakukar da ido ba ya gani da kifin da ke shiga tukunya. Suna zaɓen abinci, suna sauya dabara, suna kiwo a lokacin da ya dace, kuma duk abin da suka tara, mai kyau ko marar kyau, kifi ne ke gadonsa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka kafin ka yi wa uwar tarwaɗa allura, ka tabbatar koren ruwanka ya nuna, ƙwarinka sun ƙoshi, kuma ka san irin waɗanda ke cikin kududdufinka. Mai neman irin moyina ko ƙarin horo sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa a jihar Neja, ko kuma cibiyar binciken teku da ke Legas.